Daga Bashin Albashi Zuwa Kason Tiriliyoyi: Shekaru Goma Na Siyasar Jihohi

A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai sama da dala 100. A watan Janairun 2016 kuwa ta faɗo ƙasa da dala 30. Da yake yawancin jihohin Najeriya da kason wata-wata na Abuja suke rayuwa, a albashi masifar ta fara bayyana. Gwamnonin da aka rantsar a watan Mayun 2015 sun tarar da baitulmali wayam, ma'aikata na bin bashin watanni. A Osun har aka koma biyan manyan ma'aikata rabin albashi.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta kawo ɗauki. Babban Banki ya ware rancen naira biliyan 338 ga jihohi 27 domin biyan bashin albashi, sannan daga ƙarshen 2016 aka shiga mayar wa jihohi rarar kuɗin Paris Club. Tun daga nan gwamna, ko na wace jam'iyya ne, ya zama mai zarya zuwa fadar shugaban ƙasa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Tattalin arziki ya tsuke da kashi 1.6 cikin ɗari a 2016. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa an fita daga matsin a rubu'i na biyu na 2017, amma bunƙasar shekarar ba ta wuce kashi 0.8 ba, wato ba ta ma kamo yawan ƙaruwar jama'a ba. A Arewa, inda aka ga sauƙi da ido shi ne fadamun shinkafa. A Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma da shinkafar nan Gwamna Atiku Bagudu ya yi tinƙaho har ya zarce a 2019. Inda sauƙin ya tsaya a takarda, bai ceci kowa ba. Gwamna Mohammed Abubakar ya sha kaye a Bauchi, Gwamna Jibrilla Bindow ya faɗi a Adamawa, duk da cewa jam'iyyarsu ce ke mulki a Abuja. Rikicin cikin gida ya taka rawa, amma babu wata wadata a hannun jama'a da za ta rufe ɓarakar.

Annobar korona ta sake jefa ƙasar cikin matsi a 2020. An fita a ƙarshen shekarar, sai dai tsadar abinci da matsalar tsaro suka cinye abin da aka samu. Ana dab da zaɓen 2023 sai ga canjin kuɗi. Gwamnonin Kaduna, Kogi da Zamfara, dukkansu 'yan APC, suka kai gwamnatin jam'iyyarsu Kotun Ƙoli, domin sun san wanda ya kwana a layin banki a kansu zai huce. Duk da haka Bello Matawalle ya rasa Zamfara ga Dauda Lawal, Kano kuma ta koma hannun Abba Kabir Yusuf na NNPP.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya janye tallafin mai, bayan makonni kaɗan aka bar kasuwa ta yanka wa naira farashi. Kason da a da ba ya kai naira tiriliyan ɗaya a wata ya haura tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Gwamnoni suka shiga gina gadojin sama da biyan bashin fansho. A kasuwa kuwa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamban 2024. Zanga-zangar watan Agustan shekarar, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna, ta nuna ratar da ke tsakanin asusun gwamna da tukunyar talaka, duk da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli.

Da naira ta ɗan daidaita a 2025, farashin hatsi kuma ya sauko, sai guguwar sauya sheƙa ta taso. Gwamna Sheriff Oborevwori na Delta, Umo Eno na Akwa Ibom, Peter Mbah na Inugu da Douye Diri na Bayelsa duk suka bar PDP zuwa APC. A Arewa kuwa saukar farashin ta zo da nata kukan: mai saye ya samu sa'ida, manomin da ya sayi taki da tsada ya tafka asara.

Cikin shekaru goman nan, duk farfaɗowar da aka yi ta teburin rabon Abuja ta shigo, shi ya sa take ƙara kusanta gwamna da fadar shugaban ƙasa. Amma gwamnonin da suka faɗi a 2019 da 2023 ba goyon bayan Abuja suka rasa ba. Kason da ya ninka ya kawar da uzurin babu kuɗi, saboda haka a 2027 hakkin masu zaɓe ne su tambayi kowane gwamna nawa ya karɓa da kuma inda ya kai shi.