Lissafin Jakar Mata: Wata Gardama a Amurka, 1933-1935

Ran 16 ga Yuni 1933, sa'ad da karayar ciniki ta tsananta a Amurka, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wata doka wadda ta ba masu kowace sana'a izini su taru su tsara wa kansu ƙa'idodi game da lada, da awoyin aiki, da sha'anin ciniki. In Shugaba ya amince, sai ƙa'idodin su hau kan kowa. Aka ɗora Janar Hugh Johnson bisa hukumar, kafin shekara biyu an amince da na sana'o'i fiye da 500. A cikinsu har da na masu ɗinka jakar hannu ta mata, a 1934.

Cibiyar wannan sana'a ita ce New York. Can ma'aikata suna da ƙungiya, lada da tsada, haya kuma haka. Amma sana'ar ba ta bukatar babban jari: kekunan ɗinki, da teburin yanka, da fata, da ƙarfen bakin jaka. Don haka ba wuya mutum ya kwashe kayansa ya koma wani ƙaramin gari a New Jersey ko Pennsylvania, inda aiki ke da araha. Mutanen New York suka nemi a daidaita lada, don kada a karya musu kasuwa. Na waje suka ce nasu ma'aikatan sababbin hannu ne, ga kuɗin dakon kaya zuwa birni. Suna kuwa da abin kafa hujja, gama ƙa'idar masaƙun auduga ta yanka dala 13 a mako a Arewa, dala 12 a Kudu.

Maganin da ya fi kusa da hankali shi ne a bincika abin da kowa ke kashewa wajen yin jaka ɗaya, lissafi ya raba gardama. Dole ma a san wannan, tun da ƙa'idodi da yawa sun hana sayar da kaya ƙasa da abin da aka kashe. To, a nan gizo ke saƙar. Ga ɗan kasuwa uwar kuɗi sananniya ce, abin da ya biya ya sari kaya ke nan. Ga mai ƙera kaya kuwa ba haka ba. Wace jaka za a auna, alhali yayi na sakewa kowace kaka? Jakar da yayinta ya wuce, in an karyar da ita, laifi ne ko tsira da jari? Mai ƙaramar ma'aikata da ke yanka fata da hannunsa, nawa ne ladansa, shi da sau da yawa ba ya ko ajiye littafin lissafi na kirki? Kuma ko an sami adadin, da sauran magana: in an bi matsakaici, an cuci mai tattali, in an bar kowa da nasa, ba a hana kome ba. Lissafi yana iya nuna bambanci, amma zaɓen wanda za a kāre hukunci ne na mahukunta.

Hukumar ba ta daɗe ba. A 1934 kwamitin Clarence Darrow ya zarge ta da fifita manyan kamfanoni bisa ƙanana. Ran 27 ga Mayu 1935 Kotun Ƙoli ta rushe tsarin duka a shari'ar Schechter, wasu masu sayar da kaji a Brooklyn. Sai a 1938 aka yi dokar da ta yanka mafi ƙarancin lada ɗaya ga ƙasar duka, santi 25 a awa.