Kujerar Inji a Jiragen Sama Ƙirar Gida: Daga Katako Zuwa Roba

Kujerar inji, kamar yadda makanikan mota ke kiran abin da inji ke zaune a kansa, tana ɗauke da buƙatu biyu masu karo da juna a ƙaramin jirgin sama, domin ana son ta riƙe injin daram a kan layin da farfela za ta ja jirgin, kuma ana son ta hana jijjigar injin ratsawa cikin gangar jirgin. A yawancin jiragen da mutane ke haɗawa da hannunsu a gareji, injin ba ya ma zaune a kan komai. Rataye yake a gaba, an ɗaure shi ta ƙeya da kusoshi huɗu a jikin wani firam na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, shi kuma firam ɗin an ɗaure shi a jikin bangon wuta, wato farantin ƙarfen da ya raba ɗakin inji da wurin zaman matuƙi. Daga wannan rataya ne matsalar sunkuyar inji ta samo asali, kuma tarihinta tarihin shigowar roba ne cikin sana'ar.

A farkon zamanin jirgin sama ba a san wannan matsala ba, saboda babu abin da zai lotse. Injin da Charlie Taylor ya ƙera wa 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, a shekarar 1903, mai ƙarfin doki 12, a kan fiffiken ƙasa aka ɗaure shi kai tsaye, sarƙa kuma ita ke kai juyi zuwa farfela biyu. Haka Bernard Pietenpol na jihar Minesota, wanda ya ɗora injin motar Ford samfurin Model A a kan jirginsa Air Camper a 1929, aka kuma buga zanen jirgin a 1932 don duk mai so ya ƙera nasa, a kan sanduna biyu na katako mai tauri ya kwantar da injin. Katako yana shanye ɗan abin da ya samu na jijjiga, sauran kuwa sai ya bi jikin jirgi, ya sassauta noti, ya tsaga bututun mai, ya kuma sa allurar na'urorin gaban matuƙi rawa. Amma da yake injinan ƙanana ne, masu juyi a hankali, an iya zama da hakan.

Maganin ya fito ne daga wajen sana'ar jirgi. Hugh C. Lord, lauya ne mai aikin rajistar haƙƙin ƙirƙira a garin Erie na jihar Pensilbaniya, ya kafa kamfaninsa a 1924 a kan dabarar manne roba da ƙarfe yadda ba za su rabu ba, kuma a 1931 kamfanin Chrysler ya fito da motar Plymouth wadda injinta ke kan roba a wurare biyu, ɗaya a sama ta gaba, ɗaya a ƙasa ta baya, yadda layin da ya haɗa su zai ratsa cibiyar nauyin injin. Cibiyar nauyi ita ce ɗigon da, in an rataye abu daga gare shi, ba zai karkata ko'ina ba. Sai dai abin da ya yi sauƙi a mota ya yi wuya a jirgi, tunda injin jirgi galibi ta baya ake kama shi, cibiyar nauyinsa kuwa tana can gaba, inda ba hannun da zai kai. In an sa roba mai laushi, hancin injin ya faɗi. In an sa mai tauri, jijjiga ta wuce kamar ba a sa komai ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1930 aka warware wannan ƙulli a kan manyan injinan jirgi masu silinda a kewaye, da tsarin da kamfanin Lord ya sa wa suna Dynafocal. Hikimar ita ce a karkatar da kowace kusa da robarta, maimakon su miƙe sambal zuwa gaba, yadda layukansu duka za su haɗu a wuri guda kusa da cibiyar nauyin injin. Ta haka injin ke motsi kamar an riƙe shi a tsakiyarsa, alhali ta ƙeya aka kama shi, kuma murɗawar da kowace fashewar mai a silinda ke haifarwa sai ta faɗa wa robar ta gefen da take da laushi, yayin da nauyi da jan farfela ke faɗa mata ta gefen da take da ƙarfi.

Maƙeran gida sun gaji wannan tsari ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta buɗe wa jiragen ƙirar gida rukuni na kansu a farkon shekarun 1950, Paul Poberezny kuma ya kafa ƙungiyar maƙeran gida ta EAA a Milwaukee a 1953, shekarar da kamfanin Lycoming ya fito da injinsa O-320 mai silinda huɗu da ƙarfin doki 150, wanda shi da ƙanensa O-360 mai ƙarfin doki 180 suka zama zaɓin wannan jama'a. Injinan Lycoming suna zuwa da kunnuwan ɗauri iri-iri: akwai tsohon yayi mai kusoshi a miƙe da ƙananan robobi masu siffar mazurari, mai arha amma mai watsa jijjiga, akwai kuma Dynafocal kashi na ɗaya mai karkatar digiri 30 da kashi na biyu mai digiri 18. Kunnuwan nan a jikin akwatin injin suke tun daga masana'anta, saboda haka wanda ya tsinci tsohon inji da araha ya riga ya zaɓi firam ɗinsa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ba kaɗan ba ne suka gano haka bayan sun gama walda. Irin wannan inji na O-360 ne aka sa a jikin Air Beetle, tsohon jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Nijeriya da aka haɗa guda 60 a Kaduna a kan zanen RV-6A na Richard VanGrunsven, mutumin jihar Oregon da aka tashi jiragensa ƙirar gida fiye da 10,000.

A irin waɗannan jirage masu matsattsen murfin inji ne sunkuya ta fi fitowa fili. Inji mai nauyin fiye da kilo 120, ga farfela a bakinsa, yana danne robobin ƙasa zuwa baya, yana kuma jan na sama zuwa gaba, dare da rana, ko jirgin yana tashi ko yana ajiye. Roba kuwa, in ta daɗe a danne, ba ta komawa yadda take, zafin salansa da ɗigon baƙin mai kuma suna gaggauta mutuwarta. Alamar farko takan bayyana a hular farfela, wato zagayayyen murfi mai tsini da ke hancin jirgi: wadda a ranar haɗawa bakinta ya yi daidai da bakin murfin inji, bayan wasu awoyi na tashi sai a ga ta sauka da 'yan milimitoci, har yatsa ya ji tudu a sama. In abin ya yi nisa, salansa takan fara gogar murfin ƙasa ta bar baƙin tabo, wayar totur takan ɗame, layin jan farfela kuma ya ɗan duƙa.

Dabarun gyaran sun taru ne a hannun maƙeran kansu. Wasu kan rataya injin ya yi makonni kafin su yanka murfi, wasu kuma su dasa murfin yadda zai zauna ƙasa da hular da kamar milimita 3, da niyyar injin zai sauko ya same shi. In sunkuyar ta riga ta faru, sai a ɗaga injin da ƙugiya, a kwance kusoshin ƙasa biyu, a cusa faffaɗan washa tsakanin kunnen injin da robar. Kuma da yake nisan hular daga kujera ya fi tazarar da ke tsakanin kusoshin sama da na ƙasa, washa siririya takan ɗaga hanci fiye da kaurinta. Kafin a kai ga haka, ƙwararru kan fara duba ko an juya robobin, domin a nau'o'i da yawa kowace kujera rabi biyu ce, mai tauri da mai laushi, kuma mai taurin gefen da nauyi ke dannawa ake sa shi: gaban firam a ƙasa, bayansa a sama.

Washa tana gyara tsayuwar inji, amma ba ta rayar da robar da ta tsattsage, ko ta kumbura da mai, ko ta rabu da ƙarfenta, kuma wanda ya yi ta ƙara washa a kan irin wannan yana rufe ciwo ne kawai. Shi ya sa zaɓin roba ya kasance ciniki: mai wasan juyi a sararin sama yakan sayi mai tauri, ya haƙura da jijjiga don kada injin ya yi lilo, mai doguwar tafiya kuwa yakan sayi mai laushi, ya kuma san cewa a binciken shekara-shekara da doka ta wajabta zai riƙa auna tazarar hular da murfi, ya rubuta ta a littafin injin.