Yaushe Damagaram ta yi nisa?

Kwanan baya wani ɗalibina ya tambaye ni nisan da ke tsakanin Damagaram da Yamai. Na ce masa a jirgin sama kimanin kilomita 750 ne, tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka. A mota kuwa, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Doso, kusan kilomita 900, ka tashi da asuba ka sauka da dare. Sai yaron ya ce, "Malam, ashe mu a ƙuryar ƙasa muke." Maganar ta tsaya mini a rai, domin lissafin da na ba shi daidai ne, amma ya sa yaro ya raina garinsu.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, babu mai auna tafiya zuwa Yamai. Ƙauye ce kawai a bakin kogin Isa. Hanyoyin da suka dami mutanenmu uku ne: ta gabas zuwa Kukawa, inda ake kai wa Shehun Borno gaisuwa, ta kudu zuwa Kano, kilomita 240 kacal, sai ta arewa, wadda ayarin raƙuma ke bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, tafiyar watanni. Unguwar Zango sunanta ma ya faɗi aikinta, nan fatake ke sauke kaya a wajen ganuwar Birni. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, a nan ya yada zango a ƙarshen 1852 yana jiran kayan guzurinsa su iso daga arewa. Wa zai zauna jiran saƙo a ƙurya?

Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar yankin a 1911. A 1926 suka kwashe ofisoshinsu zuwa Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilai, kuma wanda ya taɓa layin famfo a garin nan ba zai musa ba. Amma akwai na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi: Damagaram ta cika kusa da Kano ta Ingilishi, ga harshe ɗaya, ga ciniki, ga auratayya. Tun daga ranar takardar ɗan Damagaram ta fara bin hanyar yamma, alhali kasuwarsa tana kallon kudu.

Jirgin sama ma ya sauka a Kano tun 1925. Har gobe ɗan kasuwar da zai tashi zuwa Jidda, in iyaka a buɗe take, yakan ga filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi masa kusa da na babban birnin ƙasarsa.

Washegari na zana taswira a allo, na sa Damagaram a tsakiya, na ce yara su auna daga nan zuwa Kano, Kukawa, Agadas da Yamai. Yamai ce ta fito mafi nisa.