Daga Fulotin Auduga Zuwa Buhun Wake: Tarihin Maganin Feshi a Ƙasar Funtuwa

Kafin kwalbar magani ta iso ƙasar Sarkin Maska da ta Galadima, da doka ake yaƙar tsutsar auduga. In an gama tsinka, sai shela ta fito daga gidan hakimi zuwa dagatai da masu unguwanni: kowa ya tuge karan audugarsa ya ƙona kafin rana kaza. Wanda aka tarar da kara tsaye a gonarsa, sai ya amsa kira gaban alƙali. Hikimar abin ita ce a yanke wa tsutsa abinci tsawon rani, kada ta kai ga shukar baɗi. A wannan tsari mahaifina ya yi noma, ni kuwa na yi aikin malamin gona a zamanin da kwalba ta gaje shi.

Auduga ba baƙuwa ba ce a nan, tun da can an san Maska da masaƙa da marina. Abin da Turawa suka zo da shi kasuwa ce da sabon iri. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Ingila domin nemo wa masaƙun Lankasha auduga, a 1912 kuma aka shigo Arewa da irin Allen, ɗan asalin Amurka. Aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ana raba angurya kyauta, a kai auduga fuloti a auna, a karɓi kuɗin haraji da na aure. Har gobe akwai unguwa a Funtuwa da ke amsa sunan wannan kamfani, Bisije.

Feshi bai zama ruwan dare ba sai a 1975, da Bankin Duniya ya tallafa aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa, tare da na Gusau da na Gwambe. Shirin ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, ya kuma yaɗa ɗan injin feshi mai aiki da batirin tocila. A lokacin Amurka ta riga ta hana zuba DDT a gona tun 1972, mu kuwa a sannan ne muke fara sabawa da shi da 'yan'uwansa. Duk da haka feshin wancan zamani yana da ladubba, kuma aikinmu ne mu koyar da su. Ba a farawa sai auduga ta kama fure. Kada ka fuskanci iska, kada ka ci goro ko ka kunna taba kana aiki, in ka gama ka yi wanka da sabulu, ka binne gwangwani. Manomi yakan ce, "Malam, duk wannan sai an yi?" Mu ce masa, "Alhaji, abin da ya kashe tsutsa ba ya jin kunyar mutum."

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Tallafi ya ja baya, malaman gona suka yi ta ƙarewa ba a maye gurbinsu, daga baya masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Manoman Bakori da Ƙafur da Faskari suka karkata ga masara da waken suya da shinkafa. Auduga ta ja da baya, magani kuwa ya zauna daram, sai dai ya bar hannun malamin gona ya koma rumfar kasuwa. Bayanin da ke jikin kwalba da Turanci yake ko Faransanci, ma'auni kuma murfin kwalbar ne da abin da mai rumfa ya faɗa.

Daga nan ya shiga wuraren da ba a yi shi dominsu ba. Aka riƙa zuba maganin ƙwari na Gamalin a tafki kifi ya taso duka, manya da 'ya'ya, ko da yake dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su da guba. Aka riƙa yayyafa wa wake fiya-fiya don ya kai bazara, har Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015 saboda yawan gubar dichlorvos da ta samu a cikinsa. Waken da Turai ta ƙi, shi muke ci da shinkafa. Maganin ciyawa kuma ya kori gayya da maimai. Yau matashi ne zai goya famfo ba takalmi, ba ƙyalle a hanci, yana fesa paraquat, wanda Turai ta hana tun 2007, in ya gama ya wanke famfon a fadama. Ƙasarmu kuwa tudu ce, abin da aka wanke a fadama gangarawa yake yi, ga shi a kusa da Funtuwa Gulbin Sakkwato ya samo asali, kuma daga madatsar Mairuwa gari yake sha.

Waɗanda suka fara ɗaga murya ba su riƙe kwalaye sun hau titi ba. Mata ne suka fara lura cewa lalo da tafasa da gasaya, da suke tsinka a gefen kunya su yi miya da kwaɗo, sun ɓace daga gonar da aka yi wa feshi. Masunta suka kai ƙara wajen Sarkin Ruwa. Makiyaya suka yi asarar shanu a mashaya. A ƙauyen da nake zaune, bayan yaran wani gida sun kwanta saboda man gyaɗa da aka adana a jarkar magani, mai unguwa ya tara magidanta aka yanke shawara: ba wanke famfo kusa da rijiya, kuma duk jarkar da ta ƙare a huda ta kafin a yar. Liman ya ɗauki maganar ranar Juma'a, ya tuna wa jama'a cewa addini ya hana mutum ya cutu ko ya cutar, kuma mai sayar da wake mai guba ha'inci ya yi ko da mudunsa ya cika.

Abin da ya fi taimakon waɗannan mutane shi ne samun madadi. Kakanninmu mata da toka da barkono da yashi suke adana wake. Daga 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu binciken noma na Maraɗi da na Najeriya, ta yaɗa buhu mai ciki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne tam, ƙwari su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba ɗigon magani. Duk matar da ta kwance irin wannan buhu da bazara ta ga wakenta garau, ba ta bukatar wani wa'azi.

Hukumar NAFDAC ta haramta maganin lindane da wasu magunguna da dama a 2008, amma takardar Abuja ba ta zuwa kasuwar Dandume ranar kasuwa. Masu zuwa su ne manomi da dillali da mai rumfa, kuma da su za a gyara. A rubuta gargaɗin kowace kwalba da Hausa, boko da ajami. A koya wa 'yan feshi sana'arsu kamar yadda ake koya wa direba tuƙi. Sarakunan noma su san mai sayar da magani a yankinsu da abin da yake sayarwa. Ranar da dillali ya fara tambayar yadda aka adana wake kafin ya taya, ya kuma ƙara wa mai tsabta kuɗi, manomi da kansa zai ajiye fiya-fiya.