JIRGIN NITSO U-468 DA HANYAR GYAƊARMU

Idan ana zancen Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, dattawa sun fi kawo ɗibar soja zuwa Bama. Ni kuwa ina ganin ya kamata malamai su riƙa haɗawa da labarin teku, domin gyaɗar da manoman Farin Dutse da maƙwabtansu suka noma, daga Kano sai Ikko, sannan jirgin ruwa ya kai ta Ingila. Wannan hanya ce jiragen nitso na Jamus suka yi wa kwanto.

Ɗaya daga cikinsu shi ne U-468. Ranar 11 ga Agusta, 1943, yana bisa ruwa yamma da gaɓar Gambiya, sai wani jirgin sama na Ingila ya hango shi. Matuƙinsa Lloyd Trigg ne, mutumin Niyuzilan. Jamusawa suka buɗe masa wuta har jirginsa ya kama ci, amma bai kauce ba, sai da ya sakar musu bama-bamai, sannan ya faɗa teku. Su takwas ne a ciki, ba wanda ya tsira.

U-468 ya nitse da rayuka 44. Mutum bakwai suka kuɓuta, kuma abin mamaki, a cikin kwalekwalen roba na jirgin da suka harbo. Cikinsu har da kwamandansu, Klemens Schamong. Shi ya bayar da shaidar jaruntar Trigg bayan an kama shi, kuma da shaidar abokin gaba kaɗai Ingila ta ba mamacin lambar Victoria Cross.