Tarihin Aikin Adana Takardu a Nijeriya da Rabon Ɗalibin Hausa a Cikinsa

Gabatarwa

Duk lokacin da ɗaliban sashen Hausa suka zauna hira a kan abin da za su yi bayan kammala digiri, ayyuka uku ne kan fito daga bakin kowa, watau koyarwa da aikin jarida da fassara. Da wuya a ji wani ya ambaci aikin adana takardun tarihi. Wasu ma sun ɗauka aikin mai gadi ne, a ba mutum mabuɗi ya zauna cikin ƙura. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi tarihin wannan sana'a a taƙaice, in nuna cewa ilimi ce mai zaman kanta wadda ake yi wa digiri na biyu, kuma ɗalibin Hausa yana da babban rabo a cikinta.

Asalin Sana'ar

Ajiye takardun mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Daular Usmaniyya, Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai da komowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda daga baya H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. To, amma mayar da aikin fannin karatu, a shiga aji a fito da takardar shaida, wannan a Turai ya faro.

A 1821 Faransa ta buɗe makaranta a birnin Faris don horar da masu karanta tsofaffin takardu. A 1841 kuma aka kafa ƙa'idar da har yau ita ce ginshiƙin aikin, watau takardun da suka fito daga ofis ɗaya a bar su tare, kada a cuɗa su da na wani ofis. A 1898 wasu masana uku na ƙasar Holan suka wallafa littafin jagora a kan tsara takardu. Hilary Jenkinson ya rubuta nasa a Ingila a 1922, kuma a 1947 jami'o'in Landan da Libaful suka fara ba da difloma a fannin ga waɗanda suka riga suka yi digiri. Daga Amurka kuwa, inda takardun gwamnati suka yi yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, T. R. Schellenberg ya nuna a 1956 cewa ba kowace takarda ake iya ajiyewa ba, tilas ne a tantance. A wannan zamani ne aka gane cewa kula da fayil yana farawa tun daga ranar da aka buɗe shi a ofis.

Zuwansa Nijeriya

Mutumin da ya kamata a fara ambata a nan shi ne Dakta Kenneth Dike, masanin tarihi na Kwalejin Jami'a ta Badun. Daga 1951 ya zagaya ofisoshin gwamnati yana duba halin da tsofaffin fayiloli suke ciki, ya tarar gara da ɗanshi da sakaci suna cinye su. Rahoton da ya rubuta ne ya sa aka kafa ofishin adana takardu na ƙasa a Badun a 1954, shi ne kuma ya fara shugabantarsa. An yi masa doka a 1957, aka buɗe rassa a Inugu da Kaduna, sannan a 1992 gwamnatin soja ta sabunta dokar.

Wanda ya taɓa shiga reshen Kaduna zai ga ƙa'idar nan ta 1841 da idonsa. Takardun ofishin Sakataren Lardunan Arewa suna ƙarƙashin alamar SNP, na Lardin Sakkwato SOKPROF, na Kano KANPROF, na Zariya kuma ZARPROF. Hikimar abin ita ce, takarda ɗaya tilo ba ta cika ba da labari. Wasiƙar Hakimi zuwa ga Di'o ba za a fahimce ta sosai ba sai an ga amsar da aka ba shi da abin da Razdan ya rubuta a gefe. In aka zare ta daga fayil ɗinta, ta zama marainiya.

Sai dai fayilolin Turawa rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin gafakokin malamai, da Larabci da ajami. A farkon shekarun 1960 ne jami'o'i suka duƙufa wajen neman waɗannan. John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Badun a 1964. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, kuma a 1970 ya kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna da ke Kaduna. A Sakkwato, Waziri Junaidu ya buɗe wa manazarta taskar da ya gada daga kakanninsa. Da ita Murray Last ya dogara wajen rubuta littafinsa a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967. Haka ma Jean Boyd, da takardun gidan Waziri ta fito wa duniya da tarihin Nana Asma'u. Da a ce zuriyar Giɗaɗo sun yi sakaci da abin da ke hannunsu, da yau waƙoƙin Asma'u da muke nazari a aji sun ragu ƙwarai.

Karatun da Ayyukan

Da aka sami 'yanci, ƙasashen Afirka suka ga ba za su dogara da tura mutane Turai ba har abada. Aka fara horar da masu adana takardu a Jami'ar Dakar a 1971 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci, aka kuma yi irin wannan a Jami'ar Gana da ke Legon a tsakiyar shekarun 1970 domin masu amfani da Ingilishi. A gida kuwa, makarantar aikin laburare da aka kafa a Badun a 1959 ta bunƙasa har ta haɗa da nazarin adana takardu a matakin babban digiri. A Zariya ma an buɗe sashen aikin laburare tun 1968.

Me ake koya? Ana koyon tantance abin da za a ajiye da wanda za a zubar, da tsara takardu bisa asalinsu, da rubuta jerin bayanin da zai kai mai bincike ga abin da yake nema. Ana koyon kare takarda daga gara da ɗanshi da zafi, da gyara wadda ta yage. Akwai dokokin sirri da na haƙƙin mallaka. Yanzu kuma an ƙara da ɗaukar hoton takardu a kwamfuta da kula da bayanan da ba su taɓa hawa takarda ba. Wanda ya ƙware yana iya aiki a ma'aikatun gwamnati da kotuna da asibitoci da bankuna da jami'o'i da gidajen rediyo da fadojin sarakuna. A 2011 Nijeriya ta yi dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga hukuma. To, ina amfanin dokar in aka nemi fayil aka rasa? Tsohon ma'aikacin da fanshonsa ya maƙale don fayil ɗinsa ya ɓace shi zai ba da amsa.

Darasi Daga Waje

Domin a ga nauyin abin, bari mu leƙa ƙasashe biyu na Afirka. Wasu tsofaffi 'yan Kenya sun kai gwamnatin Ingila ƙara a kan azabar da aka yi musu lokacin tawayen Mau Mau. Cikin wannan shari'a ne, a 2011, gwamnatin ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayilolin da ta kwashe daga ƙasashen da ta mallaka. A 2013 ta yarda ta biya fam miliyan 19.9, wanda ya haɗa da diyyar mutum 5,228 da kuɗin shari'a. Takarda ce ta ƙarfafa shaidarsu bayan fiye da shekara hamsin. A Tumbutu ta ƙasar Mali kuwa, a watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka ƙone dubban littattafai a Cibiyar Ahmad Baba. Amma kafin nan Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun riga sun fara kwashe ɗaruruwan dubbai a ɓoye zuwa Bamako. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Rabon Ɗalibin Hausa

A nan ne nake son 'yan'uwana ɗalibai su tsaya su yi tunani. Kwamfuta tana iya ɗaukar hoton waƙar ajami, amma sai an sami mutum ya karanta ta, ya gane ko wace ce, kafin a rubuta mata bayani. Ajami ba shi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, kowane malami da salonsa. Sai wanda ya san karin harshen Sakkwato da na Katsina, ya san karin waƙa, ya iya warware ramzin da marubuci ya ɓoye shekara a cikinsa, shi zai iya cewa wannan waƙa ta wane ce, kuma a shekara kaza aka yi ta. Mafi yawanmu mun yi makarantar allo, ga shi kuma muna nazarin harshe da adabi. Ke nan mun riga mun ci rabin tafiya. Abin da ya rage shi ne ilimin sana'ar, wanda digiri na biyu zai ba mu. Ina kira ga malamanmu su riƙa kai mu waɗannan gidaje tun muna ajin farko, su kuma ba da aikin kundi a kan tsara wani ɓangare na takardun da ke jiran mai dubawa.

Kammalawa

Ba zan ce aikin nan hanyar tara dukiya ce ba, kuma yana son haƙuri. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa abin da muke karantawa yau, wani ne ya tsare shi jiya. Waziri Junaidu ya rasu a 1997, Dike da Smith sun riga shi tafiya. Gafakokin da ba a buɗe ba suna nan birjik a zaurukan Kano da Katsina da Zariya, gara kuwa ba ta jiran kowa. Allah Ya ba mu masu kishin da za su karɓi wannan amana, amin.