Daga Majigi Zuwa Adaka: Tarihin Tara Tsofaffin Finafinai a Gida, Tare da Misali Daga Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe da adabin Hausa sun daɗe da sanin darajar takarda. Kowa ya san cewa rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 da suka iso gare mu ba hukuma ce ta fara adana su ba. Malaman zaure ne suka kwafe su da hannu, suka zuba a gafaka, 'ya'ya da jikoki suka gada, kafin masu bincike su zo daga baya su tattara su a ɗakunan karatu na jami'o'i. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa fim ma ya bi irin wannan hanya a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, sai dai matakin ƙarshe, wato na tattarawa, har yanzu bai kankama ba, ga shi kuma kaset ba shi da haƙurin takarda.

An ɗauki misali daga Kafanchan saboda dalili biyu. Na farko, can aikin koyarwa ya kai ni, nesa da gida. Na biyu kuwa, masu nazarin karin harshe sun san cewa tsohuwar siffa takan daɗe a gefen ƙasa bayan ta ɓace a tsakiya. Na lura haka abin yake ga kaset: abin da kasuwar Kano ta yi watsi da shi tuntuni don ta sami wurin sabon kaya, a nan akan iske shi a ƙarƙashin gado.

2.0 Zamanin Kallo Ba Mallaka

Kafin zuwan bidiyo, fim abin gani ne a wuce. Majigi, wanda Turawan mulkin mallaka suka riƙa yawo da shi a mota gari-gari, da dare yake zuwa, ya haska bango ko farin ƙyalle a ƙofar fada, ya koyar da tsafta ko noman auduga, da safe ya kama hanya. Daga cikin finafinan wannan zubi, Baban Larai na shekarun 1950 shi ne wanda dattawa suka fi tunawa. Gidajen silima kuwa na birane ne. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma tun daga farko jama'a ba su sake da abin ba, har ana yi masa laƙabi da dodon bango. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane da yawa ƙyamar wurin. Brian Larkin ya yi cikakken bayani a kan wannan zamani a littafinsa Signal and Noise na 2008, saboda haka ba sai an maimaita ba. Abin lura a nan shi ne, ko majigi ko silima, mai kallo ba ya komawa gida da komai sai abin da ya riƙe a ka.

Wannan ne ya sa ƙaddarar finafinan Hausa na farko ta rataya baki ɗaya a wuyan hukuma. A 1976 Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar, daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a farkon shekarun 1930, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Bayansa an sami Maitatsine na Sule Umar, da Ruwan Bagaja na Ramalan Nuhu, da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa a 1991, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu a 1992, wanda aka ɗauko daga wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina. Duk waɗannan a kan zaren silima aka yi su, ba a kan kaset ba, kuma kwafinsu kaɗan ne. Mafi yawan ɗaliban da muka koya wa Shaihu Umar a aji sun ji cewa akwai fim ɗinsa, sun rubuta haka a jarrabawa, sun ci maki, ba su taɓa ganin ko fage ɗaya ba. Ni ma haka na yi digirina na farko.

Labarin yadda wannan fim ya dawo ya isa darasi. Shekaru da dama ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, ta hanyar ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal da ke Balin ta ƙasar Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ke nan sai da fim ɗin da ke ɗauke da Hausar 'yan wasan shekarun 1970 ya je Turai ya dawo kafin jikokinsu su ji ta. Ba mu kaɗai ne da wannan ciwo ba. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka na zamanin da fim ba ya magana sun salwanta. Bambancin shi ne su sun ƙirga abin da suka rasa.

3.0 Zuwan Kaset

Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC kuma ya fito da VHS a 1976, kuma na biyun ne ya ci kasuwa. A shekarun 1980 na'urar bidiyo ta shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Nijeriya. A karon farko mutum ya iya mallakar fim, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake sauraron jimla ɗaya sau goma. Ya kuma iya wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga tarihi: ya sa kaset fanko ya naɗi abin da gidan talabijin ke watsawa. Wasannin Usman Baba Pategi, wato Samanja, da na Ƙasimu Yero daga Kaduna, da na Karkuzu daga Jos, da yawa ta wannan hanya suka shiga gidaje. Sanannen abu ne a gidajen talabijin na duniya a wancan zamani a goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa, saboda tsadar kaset. Don haka sau da yawa kwafin mai kallo yakan fi na mai shiri tsawon rai.

A watan Maris na 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda aka fi ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Gimbiya Fatima ya biyo baya, sannan Sangaya ya sauya akalar sana'ar zuwa ga waƙa da rawa a ƙarshen shekarun 1990. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa, ta na Hausa da ta na Indiya.

Matsayin Kafanchan a wannan taswira na daban ne. Gari ne da layin dogo ya raya. Tun 1927 ya zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, kuma a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo cikinsa. Reluwe ta tara Inyamurai da Yarbawa da Hausawa da Fulani tare da 'yan ƙasa, wato Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da sauransu, Hausa ta zama harshen kasuwa, da na tasha, da na coci. Saboda haka kaset ta hanya biyu ya riƙa shigowa: na Hausa da na Indiya daga Kano da Kaduna da Jos, na Kudu kuma, musamman bayan fitowar Living in Bondage a 1992, daga Anaca. Shagon haya ɗaya yakan jera duka biyun.

4.0 Wata Adaka a Unguwar Reluwe

Wani ɗalibina ne ya kai ni wurin kakansa, tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya, Kirista, mutumin ƙasar Bajju. Na gaishe shi da Baba, shi kuma ya ƙi kirana da komai sai Malam, duk da ya haife ni. Ya jawo wata adaka ta ƙarfe irin wadda ake kai ɗalibai makarantar kwana da ita. Cike take da kaset, kowanne da takarda manne a ƙeya, an rubuta suna da shekara da biro, da rubutun mutumin da ya saba cika rajistar tasha.

Ba tarkace ba ne. Tari ne na mai zaɓe. Ɓangaren Indiya ya fi yawa, kuma kusan duk na da ne: Mother India na 1957, da Mughal-e-Azam na 1960, da Sholay na 1975. Ba ya jin Indiyanci, amma yana da ma'auninsa na fim mai kyau, wanda ya bayyana mini a taƙaice: a ce ko an kashe murya mutum zai gane wanda aka zalunta daga fuska. Finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, waɗanda suka cika wayoyin matasa tun shekarun 2010, ba ya kallonsu. A ganinsa mai fassara ya cika surutu a inda mai fim ya yi shiru da gangan. Na so in yi masa musu, domin ni ina ganin wannan fassara wata taska ce ta sabuwar Hausa, amma a kan batun shiru na ga gaskiyarsa.

Sai ɓangaren da ya naɗa da kansa daga talabijin, da finafinan Kano na farko-farko, da fim ɗin rayuwar Yesu na 1979 a fassarar Hausa. Can ƙasa kuma akwai waɗanda bai ɗauke su a bakin komai ba, ni kuwa su suka fi ɗaukar hankalina: bikin aure, da taron zumuntar mata, da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, an ɗauka tun zamanin Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008. A cikin waɗannan akwai Hausar kudancin Kaduna kamar yadda ake furta ta shekara 30 da suka wuce, ba shiri, ba gyara. Mun saba karantawa a littattafai cewa a Hausar waɗanda ba harshensu na farko ba ne bambancin jinsi yakan raunana, har a ce "mace ya zo", kuma /ƙ/ da /ɗ/ da /ɓ/ sukan koma /k/ da /d/ da /b/. Amma wa ke yin haka, a gaban wa, kuma yaushe mai magana ke tsallakawa daga Hausa zuwa Jju ko Turanci a tsakiyar jimla? Amsar tana cikin irin waɗannan kaset-kaset, ba a cikin tambayoyin da mai bincike zai yi wa tsoho yau ba, domin tsohon da ya ga biro da takarda gyara bakinsa yake yi.

Haka nan finafinan Kano na farko suna da nasu amfanin. Mai son ya bi sawun kalmomin aro, ko sarar matasa, ko yadda gaisuwa tsakanin miji da mata ta sauya daga 1990 zuwa 2000, ba shi da wata shaida mai kwanan wata da ta fi su. Taron da aka yi a Kano a 2003 kan finafinan bidiyo na Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu ya jagoranta, ya buɗe ƙofar nazarinsu ta fuskar al'ada da zamantakewa. Ta fuskar harshe tsantsa aikin bai yi nisa ba.

5.0 Abokan Gabar Kaset

Kaset zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, aka manne da wani irin danƙo. Danƙon nan yana shan laima. Idan ya sha, zaren yakan yi kauri ya manne da juna, garin ya riƙa kankarewa a kan na'ura, hoto ya cika da farin yayyafi. Funfuna kuma takan yi fari-fari a gefen naɗin. Ƙasar Jama'a da tsaunukan Kagoro sun fi Kano da Katsina ruwan sama nesa ba kusa ba, don haka wurin da ya fi adana kaset saboda nisansa da kasuwa shi ne kuma ya fi saurin cinye shi. Ban da wannan, yawancin abin da ke hannun mutane kwafin kwafi ne, kuma kowane kwafi yana rage hasken hoto da tsabtar murya. Ga mai nazarin karin sauti da tsawon wasali wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Faifan bidiyo da ya kori kaset a shekarun 2000 bai zama mafita ba, domin masu arha daga cikinsu sukan ɓare ko su karce cikin 'yan shekaru. Wuta ma ta yi nata ɓarnar. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ya ci kasuwar Kafanchan. Sannan a 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina. Daga wannan shekara duk na'urar da ta mutu ta tafi ke nan, sai dai a ciro kayan wata a sa mata.

A nan ƙasar aka tono sanannen kan nan na yumɓu na al'adar Nok, a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a a farkon shekarun 1940. Wanda ya tsince shi a gonar doya ya kafa shi don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Yumɓu ya jira sama da shekara 2,000 kafin a gane darajarsa. Kaset ba zai jira ko 50 ba.

A waje an yi nisa. Gidauniyar da Martin Scorsese ya kafa a 1990 ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka a 2017 don gyara tsofaffin finafinan nahiyar guda 50. Amma wannan aiki na zaren silima ne da na daraktocin da duniya ta san sunansu. Babu wanda zai taso daga Balin ko Niyok don adakar tsohon ma'aikacin reluwe. Wannan aikin sassan harsunan Nijeriya ne, kuma bai fi ƙarfinsu ba: na'urar bidiyo mai lafiya, da ƙaramar na'urar juya hoto zuwa kwamfuta, da ɗalibin da zai zauna, domin kaset mai awa uku awa uku yake ci, ba a gaggauta shi. Sai rajista mai nuna sunan fim, da shekara, da inda aka samo shi, da izinin mai shi. Ma'ajiyar finafinai ta ƙasa tana Jos, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Kafanchan.

Da ni da ɗalibin mun fara da abin da muke da shi. Baba ya yarda, bisa sharaɗin kada kaset ya kwana a waje, don haka a falonsa muke aikin ranar Asabar in akwai wuta. Mun soma da na bukukuwa, domin na Indiya akwai su a wasu wurare. Kaset biyu daga cikin na Afan sun riga sun manne, ba mu taɓa su ba. A mako na biyar robar da ke juya na'urar ta tsinke, mai gyaran rediyo na bakin tasha ya ce sai an nemo wata daga Jos, ga shi kuma hadarin farko ya fara haɗuwa a kan dutsen Kagoro.